Hancin Maigida Isiyaku

Ranar da na fara zuwa gareji, na sha fetur. Maigida Isiyaku ne ya miƙo mini tiyo, ya ce in zuƙo mai daga tankin wata Fijo zuwa galan. Ni kuma don in burge shi, sai na ja da ƙarfina duka, kamar mai azumin da aka miƙa wa kunu. Abin da ya wuce cikina, da mota aka zuba wa, da ta je Rogo ta dawo Ƙaraye ba tare da ta tsaya gidan mai ba. Na yi ta gyatsar fetur har ƙarshen mako. Innata ta hana ni zama kusa da murhu, ta ce idan na yi gyatsa gidan zai tashi. Ƙannena kuwa suka riƙa bi na da ashana suna roƙo in buɗe baki su gwada.

Na kawo wannan ne saboda ku da kuke taruwa a bakin gareji in an tashi daga makaranta, kuna cewa kanikanci ai kwance noti ne da ɗaure noti, sai baƙin mai a riga don 'yan mata su san kana da sana'a. Ban girme ku da yawa ba, ko gemu ban fara ba. Amma na ga abin da ba ku gani ba, don haka ku saurara.

Sunana Sabi'u, amma a tashar Ƙaraye ba wanda ya san wannan sunan. Rediyo suke ce mini, wai ba a kashe ni sai batir ya ƙare. Ni ne na ba da labarin ɓeran da ya yi gida a cikin salansar wata bas, ya haifi 'ya'ya a can, duk suka fito suna tari kamar tsofaffin direbobi. Ni ne kuma na rantse na ga tayar da ta ƙwace daga mota a Kafin Dafga ta riga motar isa tasha, har ta kama layin lodi. Ana dariya, ana ba ni ragowar shayi, ba wanda yake yarda da ko kalma ɗaya.

Aikin farko da Maigida ya tsaya ya koya mini da kansa, wata mota ce ta wani malamin gona, irin waɗanda aka fara shigowa da su ana ce musu 'yan Beljiyam. Mutumin ya ce in ya yi tafiya da rana kansa yana ciwo, matarsa kuma tana amai. Na leƙa ƙasan motar, ko ɗigo babu. Na ce wa Maigida ai wannan ba aikinmu ba ne, a kai matar asibiti, wataƙila ƙaruwa aka samu. Ya make mini ƙeya da tafin hannu.

"Kai da kake neman ɗigo, ruwa kake tsammani?" in ji shi. "Tanki numfashi yake yi kamar ni da kai. Rana in ta doke shi, mai yana tashi ya zama tururi. Tururin nan ba a ganinsa, ba ya jiƙa ƙasa, kuma shi ne yake kama wuta, ba ruwan man ba."

Ya nuna mini wani siririn tiyo, bai kai ɗan yatsana kauri ba, da ya fito daga saman tanki ya bi ƙarƙashin mota har gaba. A tsofaffin motocinmu, tiyon a waje yake zubar da numfashinsa. A 'yan Beljiyam kuwa, yana shiga wani baƙin gwangwani da aka cika da gawayi, gawayin ya riƙe tururin, in an tayar da inji ya zuƙe ya ƙone. Yawancin kanikawa ba su san amfanin gwangwanin ba, cire shi suke yi su jefar. Na san wani da ya fasa nasa ya ba matarsa gawayin ta yi guga. Wannan kam ba ƙari na yi ba.

Kayan gwajinmu ba su da yawa. Famfon keke, da bawul ɗin da aka yanko daga tsohon tib ɗin taya, da kwanon ruwan sabulu, da gashin kaza. Idan an gyara tanki, tun yana ƙasa za a rufe bakinsa, a ɗaura bawul a kan siririn tiyon, a buga iska a hankali. Ba da ƙarfi ba, don tanki ba taya ba ne. Sai a bi duk inda aka yi walda da duk mahaɗa ana shafa kumfa da gashin kazar. Inda ka ga kumfa tana kumbura kamar maƙogwaron kwaɗo, nan ne ɓarakar.

Amma wannan rabin aiki ne. In an mayar da tanki jikin mota, mahaɗun da ke samansa sun ɓuya, ido ba ya kai musu, gashin kaza ma ba ya kai musu. A nan ne babban kayan aikin yake shigowa. Sai a zuba mai, a rufe gilasai duka, a ajiye motar a tsakiyar rana har ƙarfenta ya yi zafin da ba a iya dafawa. Daga nan Maigida zai zo ya buɗe ƙofa kaɗan, ya zura kai, ya rufe ido. Ba wai ya ce akwai wari kawai ba. Zai ce maka baya ne, hagu, ƙarƙashin kujera. A sauke tanki, a tarar da shi a nan ɗin. Idan kuwa babu komai, sai ya fito da kai, ya dafa rufin motar ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Wannan addu'ar ita ce takardar shaida a tashar Ƙaraye. Motar da aka taɓa tankinta, 'yan kamasho ba sa yi mata lodi sai sun ji Malam Isiyaku ya faɗe ta. Har daga Rogo ake kawo masa mota don ya zura kai kawai. Da hancin nan yake ci da iyalinsa, da ni.

Sai shekarar da mai ya yi wuya ta zo. Gidajen mai suka bushe, awaki suka koma kwana a gindin famfunansu. Mai ya koma hannun 'yan bumburutu, a galan da kwalba, wani an surka shi da kalanzir, wani da abin da Allah kaɗai ya sani. Direbobi suka haukace. Wanda ya samu mai a Kano so yake ya kwaso na mako guda, don haka kowa ya zo a ƙara wa tankinsa ciki. Garba mai walda, wanda rumfarsa take jingine da tamu, ya wayi gari tankuna sun yi layi a gabansa kamar marasa lafiya.

Wani tanki da aka kawo masa ranar wata Laraba, mai shi ya rantse ya daɗe a yashe a bayan ɗaki, ba ko ɗigon mai a ciki. Ƙa'ida ita ce a wanke da ruwan sabulu, a sake wankewa, a cika shi da ruwa kafin wuta ta taɓa shi. Ruwan kuwa sai an saya wajen 'yan garuwa, ga mutane suna jira. Garba ya girgiza tankin, bai ji motsin komai ba, ya kunna wutarsa.

Ina bayan garejinmu ina wanke kafireto na ji ƙarar. Ba zan ƙara gishiri a wannan ba. Kwanon rumfar ya ɗaga sama ya dawo. Maigida ne ya fara shiga cikin hayaƙin, ya jawo Garba waje, rigarsa shi ma tana ci. Garba bai kai la'asar ba. Ya bar mata da yara ƙanana. Maigida ya yi jinya, girarsa da gashin bakinsa suka ƙone, fatar fuskarsa ta saɓule ta sake fitowa. Da ya dawo aiki mutane suka yi masa barka, suka ce ya tsira da komai nasa.

Ku riƙe wannan ko da kun manta sauran: tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari.

Yadda na gano abin da wutar ta tafi da shi, ta hanyar shaƙiyanci ne. Na tsinci baragurbin ƙwai a bayan gidanmu, irin wanda in ya fashe ungulu ma sai ta yi ƙaura. Na fasa shi a ƙarƙashin bencin da Maigida yake zama, na laɓe bayan wata bas ina jiran ya yi tsalle. Tun bayan rasuwar Garba ba wanda ya yi dariya a garejin, na ce bari in gwada. Ya zo ya zauna. Ya buɗe kwanon ɗanwakensa, ya ci, ya suɗe hannu. Ni da nake nesa idona har ruwa yake yi.

Na fito na tsaya a gabansa. Ya dube ni, ya ga na toshe hanci, ya leƙa ƙarƙashin bencin. Ya daɗe yana kallon ƙwan. Ban sha mari ba ranar, kuma da na sha da ya fi mini sauƙi.

"Wa ka gaya wa?" ya ce.

"Ba kowa, Maigida. Yanzu na gani."

"Bakin nan naka zai iya riƙe abu ɗaya?"

Na ce zai iya. Ya ce in kawo ƙasa in rufe ƙazantar.

Daga ranar muka yi tsari. In an gasa mota a rana, shi zai zura kai ta ƙofar direba, ni kuma in buɗe ta ɗaya gefen kamar ina goge kujera. Idan na ji wari, sai in sosa kunne: na dama ko na hagu, sama in gaba ne, ƙasa in baya ne. Idan babu, in ci gaba da gugata. Ya koya mini bambancin da baki: warin man da ya zube a ƙasa kwance yake, yana tsayawa a hanci. Na tururi kuwa yana da zafi, yana hawa har goshi, yana sa ido ƙaiƙayi. Muka yi watanni a haka, ba mu taɓa kuskure ba. Ni Rediyo, da ba na iya ɓoye ko abin da na ci da safe, ban gaya wa ko Innata ba.

Motar wani direba, Ɗan'asabe, 'yar Beljiyam ce mai dogon baya, yana lodin Ƙaraye zuwa Rogo. Dutse ya daki tankinta a hanya ya tsaga shi. Muka sauke, aka kai wa wani mai walda a cikin gari, aka dawo da shi, muka gwada da famfo da kumfa, lafiya lau. Muka mayar da safiyar ranar kasuwar Rogo. Ɗan'asabe ya tsaya a kanmu kamar mai jiran haihuwa, don ya yi kwanaki bai yi lodi ba. Tun motar tana gasuwa a rana ya je ya jawo fasinjojinsa daga tasha zuwa bakin gareji, da buhunan gyaɗarsu da kajinsu, wai don kada a ɓata lokaci.

Da Maigida ya nufi ƙofar direba, na nufi tawa. Sai na tarar wani ɗan kamasho ya jingine buhuna a jikinta, mutane kuma sun yi cincirindo, kowa yana so ya riga wani samun kujera. Na kutsa, aka ture ni. Na sake kutsawa, wani ya taka mini ƙafa. Maigida ya zura kai ya fito, ya ɗaga ido yana nemana, bai gan ni ba.

"Malam, rana tana yi," in ji Ɗan'asabe. "Ko akwai matsala ne?"

Mutane suka zuba wa Maigida ido. Tankin ya ci gwajin kumfa a gabansa, shi da kansa ya ɗaure mahaɗun. Ya dafa rufin motar ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Aka ce amin, aka buɗe ƙofofi, aka fara shiga. A lokacin ne na samu na zura kaina ta ƙofar baya. Abin ya doke ni har tsakiyar ka.

"Ku fito!" na ce. "Wallahi tururi ne! Motar nan bam ce!"

Dariya aka yi. Wani ya ce an kunna Rediyo. Wani ya tambaye ni ko ɓerayen salansa ne suka dawo. A shekarar nan komai warin fetur yake yi, tufafin mutane, kuɗinsu, har burodin mai shayi, ga kuma galan da Ɗan'asabe ya ɗaure a but. Ba wanda hancinsa zai raba wannan da wancan.

"Kai, ɗan banza, matsa ka ba mutane wuri," in ji Ɗan'asabe. "Ubangidanka ya yi addu'a, kai wane ne?"

Na dubi Maigida, na kama kunnena na hagu ta ƙasa na ja shi kamar zan tsinke shi.

"Dakata, Ɗan'asabe," in ji Maigida. "Bari in sake ji." Ya zagayo baya, ya zura kai, ya fito. "Akwai. Baya ne, hagu. A sauke kaya."

Ɗan'asabe bai motsa ba. Ya dube ni, hannuna yana kan kunne har lokacin, ya dubi Maigida.

"Ikon Allah," ya ce. "Ɗazu babu, yanzu akwai. Malam Isiyaku, na daɗe ina lura, yaron nan ba ya ƙaiƙayin kunne sai an buɗe mota. Ni ba zan sauke lodin kasuwa a kan kunnen Rediyo ba."

Ya ɗauki tsumma biyu daga kan bencinmu. Ɗaya ya jiƙa da ruwan buta, ɗaya ya tsoma a bakin galan ɗinsa. Ya ɓoye su a baya, ya cakuɗa, ya miƙo hannu biyu a dunƙule.

"Rufe ido ka gaya mini wanne ne mai. In ka faɗa daidai, da hannuna zan sauke buhunan nan."

Wani dattijo mai buhunan gyaɗa ya ce, "Haba Ɗan'asabe, ka ji tsoron Allah, sa'an babanka ne." Ɗan'asabe ya ce shi ma yana da 'ya'yan da suke jiran abin da zai kawo. Hannuwansa suna nan a miƙe.

Ina tsaye a inda zan iya jin wanne ne. Na dama ne. Na fara ɗaga hannu zuwa kunne, Maigida ya girgiza mini kai.

"Sauke hannunka, Ɗan'asabe, ba sai ka wahala ba," ya ce. "Tun ranar Garba ban sake jin warin komai ba. Ko na mai, ko na miya. Yaron nan ne yake ji mini. Ɗazu ban gan shi ba, na yi addu'a a kan abin da ban sani ba. Yanzu ya ce akwai, kuma a kan wannan bai taɓa yi mini ƙarya ba. Motarka ce, ga hanya nan. Amma na janye bakina daga kanta."

Ba wanda ya yi dariya. Dattijon nan ne ya fara jawo buhunsa daga but. Wata mata da ta riga ta zauna a kujerar baya da goyo ta fito. Duk mutanen wurin sun ji ƙarar ranar Laraba, wasunsu da su aka ɗauki Garba. Kafin ka ce me, motar ta koma wayam, ɗan kamasho ya kwashe mutanen zuwa wata bas.

Muka sauke tankin, Ɗan'asabe yana zaune a kan taya yana zagin iska. A samansa, ta hagu, siririn tiyon ya tsage a daidai mahaɗa, tsagar da ba ta fi bakin farce ba, kuma daidai ƙarƙashin kujerar da matar nan ta zauna, kusa da wayoyin fitilar birki. Maigida ya ce tiyo ba ya tsagewa haka kawai, a bi shi har gaba. Na bi shi da hannu har cikin inji. Gwangwanin gawayi babu shi. A bakin tiyon an cusa guntun karan dawa, an ɗaure da waya tamau.

"Wa ya yi wannan?" in ji Maigida.

"Ni na yi," in ji Ɗan'asabe. "Ta nan mai yake gudu. Da tsadar nan zan bar shi yana bin iska?"

Ashe rabin direbobin tasha haka suka yi a shekarar. Sun toshe wa tanki hanci don kada mai ya tsere. Rana in ta yi zafi, tururin ya rasa hanya, sai ya nemi inda ya fi rauni ya fasa. Maigida ya zare karan, ya sa sabon tiyo, ya zagaya da bakinsa can ƙasa nesa da salansa. Muka mayar da tanki, muka gasa motar, na zura kai a gaban kowa, ba sosa kunne. Babu komai. Maigida bai dafa rufin ba. Ya ce da Ɗan'asabe, "An gama," ya je ya wanke hannu.

Kafin magariba labarin ya kai Rogo. Ba labarin karan dawa ba, wannan ba wanda ya ɗauke shi, don kowa yana da nasa a cikin inji. Labarin da ya tafi shi ne Malam Isiyaku ya yi watanni yana sallamar motoci da mataccen hanci. Waɗanda muka gyara wa a tsakanin suka riƙa zuwa suna tambaya ko tasu ma a makance aka yi mata addu'a. Ya ce musu yaro ya shinshina kowacce. Suka ce wane yaron, Rediyo?

Aikin tanki ya fara ɗaukewa, sannan na birki, sannan har canjin fulogi. Mukan wuni a kan benci muna kallon motoci suna wuce mu. 'Yan kamasho suka daina jiran addu'ar kowa, mota in ta fito daga gyara lodi kawai ake yi mata.

Kafin damina ta sauka Maigida ya kai ni Rogo da kansa, ya damƙa ni a hannun wani abokinsa bakanike, inda nake har yanzu. Ya sayar da jak da sauran manyan ƙarafa ga 'yan gwangwan, ya kwashe iyalinsa ya koma gonar mahaifinsa a Yammedi. Mai injin niƙa ne a tsohon garejinmu na Ƙaraye yanzu. Maigida yana nan da rai, yana noma gyaɗa da dawa, kuma bai sake kama sifana ba.